Yadda ake miƙa i ko a'a daga XSLT zuwa fankishan na Java ba tare da "false" ya koma gaskiya ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da manhajar wata makarantar kuɗi a nan Kaduna, wajen Unguwar Rimi. Bayanan ɗalibai suna fitowa a fayil ɗin XML, kowane ɗalibi da layi irin wannan: `<dalibi lamba="214" biya="false"/>`. Takardar XSLT 1.0 (yaren juya XML zuwa wata siga) ce ke mayar da su rasit, muna gudanar da ita da Xalan, injin XSLT na Java, kuma tana kiran wani fankishan da na rubuta da Java, `hatimi(String lamba, boolean anBiya)`, wanda ke buga "AN BIYA" ko "AKWAI BASHI". Da na kira shi da `r:hatimi(@lamba, @biya)`, kowa ya fito ya biya. Na gwada `string(@biya)`, na gwada `'false'` da hannuna, na ajiye amsar a cikin `xsl:variable`, duk jiya i yau. Da na rubuta `true` kawai, sai kowa ya koma mai bashi. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fankishan ɗinka na Java lafiyarsa ƙalau, Xalan ma bai saɓa ƙa'ida ba. Ga gyaran da zai tsayar da ɓarnar tun yau:

`r:hatimi(string(@lamba), @biya = 'true')`

Abin da ya canza shi ne yanzu kai ne ka yanke hukuncin i ko a'a a cikin takardar, ta hanyar kwatanta rubutu da rubutu, sannan ka miƙa wa Java sakamakon kwatancen. A da kuwa kana miƙa masa wani abu ne daban kana barin inji ya fassara maka. Amma kada ka tsaya nan, domin gwaje-gwajen da ka lissafa kowannensu da dalilin faɗuwarsa, kuma wanda bai san dalilan ba zai sake taka su a wata takardar, wataƙila a inda ba za a lura da wuri ba.

XSLT 1.0 da XPath 1.0, yaren nemo abu da lissafi a cikin XML, sun fito tare daga W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, a watan Nuwamba na 1999. Duk abin da ka rubuta a cikin `select` ko `test`, da abin da ka sa tsakanin baka biyu na fankishan, XPath ne ke lissafa shi. Nau'in ƙima huɗu kacal XPath 1.0 ya sani: rubutu, lamba, buliyan, wato ƙimar da ba ta wuce i ko a'a, da kuma tarin gaɓoɓi, wato abin da ka tsinko daga bishiyar fayil ɗin. XSLT ta ƙara na biyar, guntun bishiya, wanda za mu zo kansa. Idan aka buƙaci buliyan a wani wuri amma aka samu ɗaya daga cikin sauran, ba a yin gardama, juya shi ake yi bisa ƙa'idar da aka rubuta. Lamba gaskiya ce muddin ba sifili ba ce kuma ba NaN ba, wato ƙimar da ke nufin "ba lamba ba". Tarin gaɓoɓi gaskiya ne muddin akwai ko da gaɓa ɗaya a cikinsa. Rubutu gaskiya ne muddin tsawonsa ya wuce sifili.

Ka sake duba na ƙarshen da kyau. Ba a ce "muddin an rubuta true" ba. Tsawo kawai ake aunawa. Kamar mai gadin da aka ce masa duk yaron da ya zo da takarda daga ofishin akanta ya bar shi ya shiga aji: yaro ya nuna takarda, ya wuce, alhali abin da ke rubuce a jikinta shi ne a mayar da shi gida. Tambayar da XPath ke yi ita ce "akwai ko babu?", ba "me aka rubuta?" ba.

To mu bi gwaje-gwajenka. `@biya` tarin gaɓoɓi ne mai gaɓa ɗaya, siffar nan (attribute) ta biya da ke jikin layin ɗalibi. Tunda kowane ɗalibi yana da ita, kowa ya zama gaskiya. Ko da an bar ta wayam, `biya=""`, har yanzu gaskiya ce, domin gaɓar tana nan. Wanda kaɗai zai fito mai bashi shi ne ɗalibin da aka manta ba a sa masa siffar ba kwata-kwata. `string(@biya)` da `'false'` kuwa abu ɗaya ne: rubutu mai haruffa biyar, biyar ta fi sifili, gaskiya ke nan. Har `'0'` a cikin alamar buɗe magana gaskiya ne a wajen XPath, saboda harafi ɗaya ne, ko da yake lambar 0 tsirara ƙarya ce.

Na `true` ba tare da baka biyu ba shi ya fi rikita mutane, kuma ina ganin da hujjarsu, tunda a Java da C# da JavaScript haka ake rubuta shi. XPath ba shi da kalmar `true` ko `false` a matsayin ƙima. Abin da yake da shi fankishan ne guda biyu, `true()` da `false()`. Idan ka cire baka biyun, ka rubuta hanya ce zuwa cikin bishiya: kana cewa a nemo maka ɗan elemen mai suna true a ƙarƙashin inda kake tsaye. Babu shi, tarin ya zo wayam, ya zama ƙarya. Shi ya sa kowa ya koma mai bashi. Abin tsoron yana ga ɗan'uwansa: `false` tsirara ma yana ba da ƙarya, ta wannan hanyar ta kuskure, sai mutum ya ɗauka ya rubuta daidai, ya ci gaba da aiki shekara da shekaru. Ran da ya juya shi zuwa `true` ya ga babu abin da ya motsa, ran nan zai fara zargin inji.

Yanzu batun baryabul, inda nake so ka fi nutsuwa, domin a nan ƙwararru ma ke zamewa. Hanya biyu ce ta ba wa `xsl:variable` ƙima. Ta farko da `select`:

`<xsl:variable name="anBiya" select="@biya = 'true'"/>`

Wannan buliyan ne na gaske, kuma haka zai isa ga Java. Ta biyu ita ce a zuba abu a cikin cikinsa:

`<xsl:variable name="anBiya"><xsl:value-of select="@biya = 'true'"/></xsl:variable>`

A ido kamar ɗaya suke. Idan ka buga su a shafi, duka biyun za su nuna false. Amma na biyun ya bi matakai uku: an lissafa buliyan daidai, `xsl:value-of` ya mayar da shi rubutu, sannan aka gina ƙaramar bishiya mai saiwa ɗaya aka rataya rubutun a jikinta. Wannan shi ne guntun bishiya, nau'i na biyar. Ƙa'idar XSLT 1.0 ta ce a ɗauke shi tamkar tarin gaɓoɓi mai ɗauke da saiwar nan guda. Tari mai gaɓa ɗaya kuwa ka riga ka san hukuncinsa. Saboda haka guntun bishiya kullum gaskiya ne, ko me ke cikinsa, har ma idan umarnin da ke cikin bai fitar da komai ba. Ba shi da wata hanyar zama ƙarya.

Wannan ya shafi `xsl:param` da `xsl:with-param` daidai wa daida. `<xsl:with-param name="buga">false</xsl:with-param>` gaskiya yake miƙawa. Haka kuma duk baryabul ɗin da ka sa wa `xsl:choose` ko `xsl:if` ko `xsl:call-template` a ciki. Wannan na ƙarshen yana da ciwo, domin a XSLT 1.0 tamfilet ba ya iya dawo da buliyan, bishiya kawai yake iya ginawa. Idan sharaɗinka yana da sarƙaƙiya har dole sai da `xsl:choose`, misali ɗalibin da ke kan tallafin karatu, ko wanda aka yi wa rangwame saboda 'yan'uwansa uku suna makarantar, to ka yi shi hawa biyu. Baryabul na farko ya ɗauki rubutun da `xsl:choose` ya fitar, na biyu ya zama `select="$hukunci = 'true'"`, kuma na biyun kaɗai za ka riƙa miƙawa waje. Sau da yawa ma ba a buƙatar haka. Abin da mutane ke rubutawa a layi goma sha biyu na `xsl:choose` yakan shiga layi ɗaya: `select="@biya = 'true' or @tallafi = 'true'"`. Alamomin `=` da `!=` da `and` da `or` da fankishan `not()` duk buliyan na gaske suke bayarwa, ba sai an lulluɓe su da komai ba.

Za ka iya tambaya, me ya sa Xalan bai yi ƙorafi ba da aka ba shi rubutu a gurbin `boolean`? Saboda yadda yake nemo fankishan ɗin. Yana duba ajin Java ɗin da ka ɗaura wa sunan `r`, ya tattaro duk hanyoyin da ke da suna `hatimi` da adadin farameta daidai, sannan ya auna kowacce da jadawalin da ke faɗin wane nau'in XPath ke iya komawa wane nau'in Java, da wanda aka fi so. A jadawalin, rubutu da tarin gaɓoɓi da guntun bishiya da lamba duk an yarda su koma `boolean`, kuma juyin yana bin ƙa'idar XPath ɗin nan ce ta akwai ko babu. Kafin layin farko na fankishan ɗinka ya fara aiki, an riga an gama. Abin da ya iso hannunka `true` ne tsantsa, babu alamar cewa asalinsa kalmar false ce, don haka duk binciken da za ka yi a ɓangaren Java ba zai nuna maka komai ba. Wani abu kuma da ya biyo bayan wannan: idan wata rana wani ya ƙara `hatimi(String, String)` a ajin, kiran da ke miƙa `@biya` zai koma can shiru, domin tarin gaɓoɓi ya fi kusa da `String` a jadawalin fiye da `boolean`. Shawarata, fankishan ɗin da XSLT za ta kira kada a ba shi tagwaye masu suna ɗaya. Suna ɗaya, sa hannu ɗaya, wato jerin farameta ɗaya.

Akwai wani gyara da na san zuciyarka za ta raya maka, kuma tarko ne: `@biya = true()`. Yana da kyan gani, har ya fi `@biya = 'true'` kama da aikin wanda ya san abin da yake yi. A XPath 1.0, idan aka kwatanta tarin gaɓoɓi da buliyan, tarin ake fara juyawa zuwa buliyan, sannan a kwatanta. Ka dawo gidan jiya ke nan: siffar tana nan, gaskiya, daidai take da `true()`, kowa ya biya. Rubutu da buliyan ma haka. Kwatancen da ke karanta abin da aka rubuta shi ne na rubutu da rubutu, da alamar buɗe magana.

Ka kuma kula da bambancin `@biya != 'true'` da `not(@biya = 'true')`. Idan siffar tana nan, amsarsu ɗaya. Idan babu ita, na farkon ƙarya yake bayarwa, domin babu gaɓar da za a ce ta bambanta da true, na biyun kuwa gaskiya. Wanda ya gina jerin masu bashi da `!=` zai rasa duk ɗalibin da aka manta ba a cike masa gurbin ba. `not()` za ka riƙa amfani da shi.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi damuwa da shi, wanda ba na XSLT ba ne zalla: me ke cikin fayil ɗin a zahiri? Kwatancen `= 'true'` yana bambanta babban baƙi da ƙarami, kuma ba ya yafe sarari. Idan manhajar da ke fitar da XML ɗin da C# aka rubuta ta kuma aka yi amfani da `ToString()`, abin da za ka samu `True` ne da `False` da babban baƙi, `XmlConvert.ToString()` ne ke ba da ƙananan. Python ma `True` yake bugawa. Rumbun bayanai na MySQL 1 da 0 yake ajiyewa. Idan kuwa daga Excel ne da ake cikewa da hannu a ofis, komai na iya fitowa: TRUE, eh, i, ya biya, ko true da sarari a bayansa. Ƙa'idar XML Schema siffa huɗu kawai ta yarda da su ga buliyan, `true` da `false` da `1` da `0`, kuma ina ganin ita ta fi dacewa ka riƙe. Ka fara da share rubutun:

`<xsl:variable name="b" select="translate(normalize-space(@biya), 'TRUEFALS', 'truefals')"/>`

`<xsl:variable name="anBiya" select="$b = 'true' or $b = '1'"/>`

Sannan ka ƙara abin da yawancin mutane ke tsallakewa, wato tsayar da aiki idan ƙimar ba ta cikin huɗun:

`<xsl:if test="not($anBiya or $b = 'false' or $b = '0')"><xsl:message terminate="yes">Ba a gane biya ba a lamba <xsl:value-of select="@lamba"/></xsl:message></xsl:if>`

Wasu za su ce tsayar da buga rasit ɗari huɗu saboda layi ɗaya ya yi tsauri. Ni ban ga haka ba. Buliyan gida biyu gare shi, amma bayanin da ke shigowa hali uku yake da shi: an biya, ba a biya ba, da kuma ba a sani ba. Duk lokacin da ka matse uku cikin biyu ba tare da ka faɗa ba, ka yanke wa na ukun hukunci a ɓoye. A nan hukuncin yana nufin ko dai makaranta ta yi asarar kuɗin zango, ko a kori yaron da mahaifinsa ya riga ya biya a banki ya kuma riƙe shaidarsa. Na biyun ya fi muni, kuma kai ba za ka gani a kwamfuta ba, a bakin ƙofar makaranta zai faru. Idan tsayar da komai ba zai yiwu ba, ka cire `terminate`, ka tsallake ɗalibin, ka fitar da sunansa a jerin da akanta zai duba da idonsa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a buga masa ɗaya daga cikin hatiman biyu.

Wata hanyar da ake bi ita ce a sauya Java ɗin ya karɓi `String`, sannan a kira `Boolean.parseBoolean()`. Tana aiki, kuma ta yafe babban baƙi. Amma `parseBoolean` duk abin da ba true ba ƙarya yake mayar da shi ba tare da ya ce uffan ba, har da `"1"` da `"true "` mai sarari. Ka kawar da matsalar ne daga inda take bayyana ga kowa zuwa inda take shafar mutum biyu ko uku a ɓoye. Bayan haka kuma, sa hannun `boolean anBiya` yana gaya wa duk wanda ya gaje ka abin da fankishan ɗin ke so, `String` kuwa ba ya faɗin komai. Ka bar Java yadda yake.

Ƙofa ta biyu da wannan cuta ke shigowa ita ce farametar da ake turo wa takardar daga waje. A ce kana da `<xsl:param name="gwaji" select="false()"/>` don rasit ɗin gwaji. Daga Java, `transformer.setParameter("gwaji", Boolean.FALSE)` buliyan yake turawa, `setParameter("gwaji", "false")` kuwa rubutu, wato gaskiya. Sau da yawa ƙimar daga fayil ɗin saiti ko daga fom ɗin shafin intanet take zuwa, inda komai rubutu ne, shi ya sa kuskuren ke da sauƙin aukuwa. A .NET ma haka abin yake da `AddParam` na `XsltArgumentList`: ka ba shi `false` na C#, ba `"false"` ba. Mai amfani da xsltproc, manhajar gudanar da XSLT daga layin umarni, yana da zaɓi biyu, `--stringparam` da ke ɗaukar rubutu yadda yake, da `--param` da ke lissafa abin da aka ba shi a matsayin XPath; saboda haka `--param gwaji "true()"` ne daidai, `--param gwaji true` kuwa neman elemen ne. A lxml, laburaren XML na Python, farameta XPath ce ita ma, sai dai idan an naɗe ta da `strparam`. A PHP `setParameter` rubutu yake ɗauka, don haka can dole takardar ta yi kwatancen da kanta. Idan ba ka da iko a kan mai kiran takardarka, ga kariyar da ke aiki ko buliyan aka turo ko rubutu: `string($gwaji) = 'true'`, domin `string(true())` kalmar true yake bayarwa.

Dawowa ma tana da nata. Idan ka rubuta fankishan irin `yanaDaTallafi(lamba)` don ka sa shi a `xsl:if`, ya dawo da `boolean`, kada ya dawo da kalma. Wanda ya dawo da `"false"` ko `"a'a"` ko `"0"` ya ba `test` rubutu mai tsawo, kuma `test` zai wuce da shi. Masu PHP su fi kowa kiyaye wannan, saboda a yarensu `"0"` ƙarya ne, sun saba da haka, alhali da zarar ya tsallaka zuwa XPath ya zama gaskiya. Masu Python kuma ta ɗaya gefen abin ke kama su: lxml yana miƙa wa fankishan buliyan na gaske a matsayin `True` ko `False`, amma `@biya` jeri yake zuwa, kamar `['false']`, kuma jerin da ba wayam ba gaskiya ne a `if` na Python. Inji daban, yare daban, sakamako ɗaya.

Idan akwai damar barin XSLT 1.0, ina ba ka shawarar ka duba. XSLT 2.0 ta fito a Janairun 2007, 3.0 kuma a Yunin 2017, duka ƙarƙashin editancin Michael Kay, wanda shi ne ya rubuta injin Saxon. Xalan da xsltproc da `XslCompiledTransform` na .NET a kan 1.0 aka gina su; Saxon ne aka fi amfani da shi don sababbin. A can kana iya cewa `as="xs:boolean"` a kan baryabul ko farameta ko fankishan, inji ya riƙe ka da maganarka. `xs:boolean(@biya)` yana karanta abin da aka rubuta: true da 1 gaskiya, false da 0 ƙarya, wani abu daban kuma ya tsaya da kuskure. Wato abin da muka gina da hannu a sama, an gina shi a cikin yaren, sai dai shi ba ya karɓar babban baƙi. Kuma idan ka yi wa fankishan ɗin Java rajista ka bayyana cewa farametarsa buliyan ce, aka miƙa masa `'false'` a matsayin rubutu, Saxon zai ƙi, ya ba da kuskuren nau'i mai lamba XPTY0004. Ka sani dai, bugun Saxon na kyauta, Saxon-HE, ba ya kiran ajin Java kai tsaye ta sunansa kamar yadda Xalan ke yi. Wannan na bugun PE da EE ne na kuɗi. A HE sai ka rubuta ɗan aji da ke bayyana sunan fankishan, nau'in abin da yake karɓa da wanda yake mayarwa, ka yi masa rajista. Ƙarin aiki ne kaɗan, kuma a ganina alheri ne, tunda yana tilasta maka faɗin nau'in da bakinka.

Kada ka ɗauka 2.0 ta share komai. `boolean('false')` har gobe gaskiya ne, `xs:boolean('false')` ne ƙarya. Haruffa uku ne tsakaninsu. `<xsl:if test="@biya">` har yanzu "akwai ko babu" yake tambaya. Baryabul mai ciki wanda ba a sa masa `as` ba har yanzu bishiya yake ginawa, kullum gaskiya; sai an sa `as="xs:boolean"`. Sannan `@biya = true()` ya sauya ma'ana: a takardar da aka rubuta wa `version="2.0"` yana karanta rubutun siffar ya juya shi buliyan, amma idan an bar `version="1.0"` Saxon yana bin tsohuwar ƙa'ida. Layi ɗaya, amsa biyu, gwargwadon lambar da ke saman fayil. Dalili ke nan na biyu da ya sa nake guje masa ko a ina.

Abu ɗaya da ban gani a tambayarka ba amma ya kamata in taɓa: ina fata `hatimi` rubutu kawai yake dawowa da shi, ba ya rubuta komai a rumbun bayanai. XSLT ba ta yi alkawarin sau nawa za ta kira fankishan ba, ko a wane jeri. Baryabul ɗin da ba a yi amfani da shi ba inji na iya ƙin lissafa shi sam. A XPath 1.0 ɓangaren dama na `and` ba a taɓa shi idan na hagu ƙarya ne, a 2.0 kuwa an bar wa inji ya zaɓi wanda zai fara. Idan fankishan ɗin yana sauya matsayin ɗalibi a rumbu, to rasit ɗin da suka fita da kuskure sun bar sawu a can ma, sai an bi an gyara, kuma aikin rubutawar ya kamata ya koma cikin Java, bayan an gama juyin.

Wajen bincike, kada ka dogara da `<xsl:value-of select="$anBiya"/>`. Buliyan na gaske da rubutu da guntun bishiya duk false za su nuna maka, shi ya sa ka daɗe kana zagaye. Ka buga `boolean($anBiya)` a gefensa; idan na farko ya ce false na biyu ya ce true, ka kama shi. Xalan da libxslt (injin da ke ƙarƙashin xsltproc) kuma suna da `exsl:object-type()` na EXSLT, tarin ƙarin fankishan ga XSLT 1.0, wanda ke faɗin nau'in kai tsaye: boolean, string, number, node-set ko RTF, wato guntun bishiya. Ka sa shi a cikin `xsl:message` dab da kiran `hatimi`, abin da kake so ka gani shi ne boolean. Daga nan ka haɗa ƙaramin fayil na gwaji mai ɗalibai bakwai: mai `true`, mai `false`, mai `1`, mai `0`, mai `True` da sarari a baya, mai siffa wayam, da wanda ba shi da siffar. Biyar na farko su fito da hatimin da ya dace, biyun ƙarshe su tsayar da aiki. Ka ajiye fayil ɗin tare da takardar XSLT ɗin, ka riƙa gudanar da shi duk lokacin da aka taɓa ta, ko aka sauya inji, ko ofishin akanta ya sauya manhajar da ke fitar da bayanan.